Keken Ɗinkin da Ya Shiga Waƙa

Keken ɗinkin Mama gurgu ne, kuma duk layin an san da haka. Tsohon keke ne baƙi, na takawa da ƙafa, zanen furannin jikinsa ya goge tun kafin a haifi rabin masu kawo mata ɗinki. In ta ɗora ƙafa a feda sai ya ce tak, tak, tak, ya ɗan dakata kamar mai tunani, sannan ya ce taƙas. Wani noti ne ya saki a sandar ƙarfen da ke ƙasa, ba wani abu ba. Amma ɗinkinsa miƙe yake sambal, kuma Mama ta sha faɗa cewa duk wanda ya taɓa mata shi, ita da shi ne.

Wanda ya fi kowa shan wannan gargaɗi shi ne ɗanta tilo, wanda kowa ke kira Injiniya saboda gyaran firji da fanka da injin wuta. Dogo ne, shiru-shiru, maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali. Duk ƙarshen mako sai ya zo shagon da jakar kayan aikinsa. Ya gaishe ta, ya ɗaure hannun ƙofa, ya duba wayar fitila, ya kwance dutsen guga ya mayar, sannan ya tsaya yana hararar keken.

"Mama, juyi ɗaya ne fa da sifana."

"Juya ka tafi dai. A ƙarƙashin keken nan ka yi rarrafe, da ƙararsa kake barci. Yau shi ne za ka koya wa tafiya?"

Sai ya yi murmushi ya rufe jakarsa. Hirarsu ke nan, kuma Mama ba ta da abin da ta fi jira a mako kamar ta.

Matarsa kuwa, wato wadda ta kasance matarsa, Mama ce ta laƙaba mata Kanari, don bakinta ba ya hutawa da waƙa. Mawaƙiya ce, amma irin waɗanda ke tsayawa a baya suna yi wa wasu amshi. Ranar da ba ta da aiki, shagon Mama take yini. Akwai wata 'yar kujera gefen keken, nan take zama tana tsinke zare, tana saka maɓalli, tana ƙirƙirar waƙoƙinta ƙasa-ƙasa. Ba a taɓa ganin suruka da matar ɗa irinsu ba. Masu kawo ɗinki har tambaya suke, wai ita ce autar Mama?

Da auren ya mutu, babu wanda ya ji hayaniya. Ba zagi, ba duka, ba wanda ya kama wani da wani. Rana ɗaya Kanari ta kwashe kayanta ta koma wurin yayarta. Mama ta tambayi ɗanta abin da ya faru, ya ce, "Ba komai." Ta kira Kanari, ita kuma kuka ya hana ta magana. Injiniya ya ci gaba da zuwa da jakarsa, sai dai yanzu har abin da bai lalace ba kwance shi yake. Kujerar gefen keke ta zama wurin ajiye ƙyallaye. Mama ta yi kewar yarinyar nan, kewa mai cin rai, amma ta haɗiye, don ba ta son ɗanta ya ga kamar ta zaɓi ɓangare.

Watanni suka shuɗe. Wata safiya tana yanka yadi sai ta ji sallama da muryar da ta sani. Kanari ce, ta rame, idanunta sun fito. Bayanta wani gajeren mutum ne mai tumbi, da abin sauraro rataye a wuya, manya-manya kamar murfin tukunya.

Mama ta ajiye almakashi ta rungume ta, sannan ta ture ta baya ta ƙare mata kallo. "Ke, ba a ba ki abinci ne a can? Dubi wuya! Wannan kuma wane ne?"

"Mama, shi ne mai haɗa kiɗa a situdiyo. Kunnuwa ake ce masa."

"Ai na gani," in ji Mama.

Kunnuwa ya rusuna ya gaishe ta, amma idonsa na kan keken. Shi ya fara bayani, don Kanari ta kasa. Ya ce Kanari ta kawo masa wata waƙa tata ta kanta, waƙar da tun da ya fara sana'ar nan ba a kawo masa irinta ba. Ya ɗora mata kiɗa a kwamfuta, bugu daidai wa daida, irin wanda ba ya kuskure.

"To, Mama, duk bugu na huɗu sai ta makara. Na ce ta sake, ta makara. Na rage gudun kiɗan, ta makara. Na ƙara, ta makara. Na ce baiwar Allah, shekara nawa kina amshi ba ki taɓa saɓa kiɗa ba, yau me ya same ki? Na ɗauki muryar na yanka, na matsa kowace kalma ta zauna inda ya dace. Ta zauna kuwa, amma waƙar ta mutu murus, sai ka ce mai karanta labarai. Har na fara cewa a haƙura. Sai na lura tana buga yatsa a gwiwa in tana rerawa ita kaɗai. Uku daidai, na huɗu a makare, kullum iri ɗaya. Na ce, wannan kiɗan wa ya koya miki? Ta kalli yatsanta, ta kalle ni, sai ga hawaye."

Kanari ta sunkuyar da kai. "Mama, duk waƙar da na taɓa yi, a kujerar nan na yi ta. Ashe keken ne ya shiga jikina ban sani ba. Wannan ma da na yi a ɗakin Yaya, da shi na yi ta a kaina."

Mama ta yi dariya har da tafa hannu. "Ikon Allah! Gurgun nawa? To me kuke so, in ba ku aronsa?"

"Mu ɗauki ƙararsa kawai, Mama, kina ɗinki tana rerawa," in ji Kunnuwa.

"Wannan ai mai sauƙi ne. Waƙar mece ce?"

Kunnuwa ya shiga gyaran wayar da ke wuyansa. Mama ta dubi wannan, ta dubi wancan, dariyar ta bushe a fuskarta.

"Ta rabuwa ce, Mama," in ji Kanari.

"Rabuwa da wa?"

Amsar na rataye a ƙusa bayan Mama: rigar aikin Injiniya mai ruwan toka, wadda ya kawo a ɗinke masa gefen da ya yage.

Kai, ranar Kunnuwa ya ga tashin hankali. Mama ta miƙe tsaye, tef ɗin awo na lilo a wuyanta. "Lallai yarinyar nan kin cika marar ta ido! Ki tsara wa ɗana zagi, sannan ki zo ni uwarsa in buga miki ganga? Ni? Da ƙafata? Kai kuma mai murfin tukunya, kai ka ba ta wannan shawarar?"

"Wallahi Mama ni kiɗa kawai na sani," in ji Kunnuwa, yana ja da baya har ya taka kwandon ƙyallaye.

Kanari ba ta motsa ba. Ta ce, "Mama, ki ji ta sau ɗaya. In kin ji zagi a ciki, na rantse ba za ta fita ba, ko da kekenki ko babu."

Mama ta koma ta zauna, ta harɗe hannu, ta juya fuska ga bango. Kanari ta kwashe ƙyallayen da ke kan kujerarta ta dā, ta zauna, ta fara ba kiɗa ba komai:

"Ka gyara famfo, ya daina zuba,
Ka gyara fanka, ta daina kuka,
Ina zaune gefe idona na zuba,
Ka wuce ni kana neman sifana."

Muryar Kanari ba irin mai tsaga rufi ba ce. Ƙasa take bi, da ɗan kaushi, kamar mai yi maka magana a kunne. Kuma ba ta yi kukan ƙarya irin na mawaƙa ba, wannan shi ya fi kashe jiki. Ta bi baitocin ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin alherinsa, ba ta rage masa komai ba: yadda yake tashi ya rufe mata taga in an fara ruwa, yadda bai taɓa cin abinci bai rage mata ba. Sannan ta zo amshi:

"Ba ka zage ni ba, ba ka dake ni ba,
Ba ka bar ni da yunwa ba, in faɗi gaskiya.
Ƙofar da ka gyara, ta nan na fita,
Ko ƙara ba ta yi ba, ba ka ji tafiyata ba."

Da ta gama, Mama ta daɗe tana kallon bango. Ta nemi zagin, ta juya kowace kalma kamar mai neman inda ɗinki ya kwance, ba ta samu ba. Ɗanta ne a ciki, shi ɗin dai, har da tafiyarsa. Ta ji haushin yarinyar, ta ji tausayinta, kuma abin da ya fi ba ta haushi, ta ji waƙar ta yi mata daɗi ƙwarai.

"Ke kika tsara wannan, ke kaɗai?"

"Ni ce, Mama."

"Allah ya shirye ki. Ashe duk amshin nan da kike yi wa mutane, ke ce ya kamata a yi wa." Ta share ido da gefen mayafi. "Sharaɗi biyu. Ba sunansa, ba nawa. Kuma duk wanda ya tambaya, ba ki san wani keke ba."

Kunnuwa ya dawo tare da Kanari washegari da rana tsaka, lokacin da layin ke yin tsit saboda zafi. Mama ta ce a ɗauki keken a kai situdiyo mana, ya ce a'a, ko kwalin da aka cusa ƙarƙashin ƙafar teburin kada a taɓa, duk yana cikin sautin. Mutumin nan da kamar wasa, ashe in ya kama aiki wani ne daban. Ya kwanta rub da ciki a ƙasa, tumbi da komai, yana matsar da makirufo kaɗan-kaɗan kusa da fedar. Ya rataya barguna a taga. Ya kashe fanka, ya cire agogon bango ya kai waje, ya je ya roƙi mai salun ta maƙwabta ta kashe injin busar da gashi. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Bismilla, Mama."

Mama ta taka. Abin ya ƙi. Ƙafar da ta yi shekara da shekaru tana aikin nan ba tunani, yau da aka sa mata ido sai ta sandare, tana taka keken kamar baƙuwa.

"Mama, ba haka kike yi ba," in ji Kanari.

"Ke za ki faɗa min yadda nake yi?"

Kunnuwa ya cire abin kunnensa. "Keken ba zare, ba yadi, shi ya sa. Ƙarar ta yi fayau. A sa masa aiki na gaske, Mama, ki manta da mu."

Mama ta waiwaya neman abin ɗinkawa, hannunta ya faɗa kan rigar Injiniya. Ta sauke ta daga ƙusa, ta juya cikinta, ta daidaita gefen da ya yage ƙarƙashin allura. Kanari ta ɗauki wani siket tana tsinke masa zare, ta fara ba Mama labarin maƙwabciyar yayarta mai faɗa da kaji. Mama ta yi tsaki, ta yi dariya, ƙafa ta saki. Tak, tak, tak, taƙas. Tak, tak, tak, taƙas. Ba wanda ya ce a fara. Kanari ta shiga waƙar kamar yadda take yi a dā, kanta a sunkuye, kuma kowace kalma ta faɗa gurbinta. Makarar da ta hana Kunnuwa barci, ga ta nan ta zauna daram a kan taƙas ɗin keken.

Mama na tafe da ɗinkinta lafiya lau har aka zo amshi na ƙarshe. "Ƙofar da ka gyara, ta nan na fita." Sai ƙafarta ta tsaya cak. Ba ta yi niyya ba. Keken ya yi shiru, shagon ya yi shiru, Kanari ta riƙe numfashi. Can ta ƙarasa ita kaɗai, a cikin shirun nan: "Ko ƙara ba ta yi ba." Sannan Mama ta farga ta ci gaba da takawa.

"Na ɓata muku," in ji Mama da aka gama. "A sake."

Kunnuwa na zaune a ƙasa, ya dafe abin kunnensa da hannu biyu, idonsa ja. "Mama, ko za a yanka ni ba za a sake ba."

Abin da ya yi da sautin bayan nan, sai dai a ce sannu. Bai cika waƙar da tarkace ba. Ya bar keken a gaba, ya sa wa taƙas ɗin nauyi kaɗan yadda za a ji shi a ƙirji, ya shimfiɗa jita mai sanyi a ƙasa, ya ƙara wasu 'yan muryoyi a amshi. Shirun nan kuwa bai taɓa shi ba, ya bar shi da tsawonsa.

Waƙar ta fita, ta yi kwanaki ba wanda ya kula. Sai wata mai gabatar da shiri a rediyo ta saka ta, ta kuma saka ta, har masu kira suka hana ta saka wata. Daga nan abin ya ɓalle. Ka shiga tasi, ita ce. Ka je aski, ita ce. Masu wankin mota na buga bokiti uku daidai, na huɗu a makare. 'Yan mata na ɗaukar kansu a waya suna fita ta ƙofa a hankali. Matan aure na tura wa mazajensu ita ba tare da ƙarin bayani ba, kuma an ce maza da yawa sun ajiye abin da ke hannunsu sun tambayi matansu ko lafiya. Makaɗa suka yi ta gardama a kan wace irin ganga ce. Wasu suka kwaikwaya a kwamfuta, nasu ya fito a miƙe kamar sanda, ba wanda ya saurara. Aka tambayi Kanari a talabijin, ta yi murmushi ta ce, "Aro aka ba ni, kuma mai abin ba ta son godiya a bainar jama'a."

Mama ta ji daɗi, kada ma a yi ƙarya. Mai salun ta shigo mata da waya a guje wata rana, wai ta zo ta ga tsohuwar surukarta. Wani babban fili ne cike da mutane har inda ido ya ƙare, Kanari a tsakiya cikin doguwar riga, ita da makirufo kawai. Dubban hannuwa na tafa gurguntar keken Mama. Da aka zo wurin ƙofar, filin nan kaf ya yi tsit, ba tari ba motsi, har sai da ta ƙarasa. Tsikar jikin Mama ta tashi. Yarinyar da ke saka mata maɓalli ce wannan! Ta so ta buga ƙirji ta ce ƙafata ce, amma ta ce, "Wa ya ɗinka mata rigar nan? Kafaɗar ta zame."

Sai dai daɗin bai zo shi kaɗai ba. Tun makon da waƙar ta fara tashe, Injiniya bai zo ba. Ya aiko an karɓar masa rigarsa, shi ke nan. Mama ta kira, ya ce aiki ya yi yawa. Wani makon ya ce yana wajen gari. Daga baya wayar ma sai ta yi ta ringin ba a ɗauka. Ba a faɗi sunansa a waƙar ba, amma duk wanda ya san su ya san da wa ake. Mai salun, wadda bakinta ba shi da murfi, ta kawo labarin cewa a bakin aikinsa abokai na tsokanarsa, in ya wuce sai wani ya ce, "Injiniya, akwai wata ƙofa a gidana tana ƙara." Wai ba ya tanka musu.

Tsokanar abokai ba ita ta hana Mama sukuni ba. Duniya duka na iya yin gardama a kan ganga, amma akwai mutum ɗaya da ba zai yi ba. Yaron da ya yi barci a ƙarƙashin keken nan zai gane shi tun bugun farko. Ya san uwarsa ta zauna, da ƙafarta, ta taya matar da ta bar shi faɗa wa duniya abin da ya kasa. Mama ta tsorata sosai. Miji ya rasu, Kanari ta zama ta duniya, in ɗan nan ya juya mata baya ba ta da kowa.

Wata rana tana cikin ɗinki wayar wata mai jiran kaya ta ɗauki waƙar. Keken waya da keken shago suka haɗu, bugu kan bugu. Matar ta ɗago kai tana yamutsa fuska kamar mai son tuna wani abu. Mama ta cire ƙafa da sauri ta ce zare ya ƙare. Tun daga ranar ta lulluɓe gurgun da tsohon zanen gado, ta jawo ƙaramin keken lantarki da ta daɗe da yi wa kallon banza. Shi wannan zuuu kawai yake yi, ba hira.

Kanari ta kira ta daga wata ƙasa, tana murna an ba waƙar lambar yabo. Ta ji muryar Mama ba daidai ba, ta matsa, Mama ta faɗa mata.

"Wayyo Mama, ni na jawo miki. In kira shi in ce ni na matsa miki?"

"Kul! Wa ya matsa min? Da hankalina na taka. Ke dai riƙe lambarki da kyau, kin ci abinki. Ki kuma nemi tela na kirki."

Ta kashe wayar ta zauna ta yi kukanta, sannan ta wanke fuska ta ci gaba da aiki.

Ranar da Injiniya ya zo, da yamma ne, ana shirin rufe shaguna. Ta ga doguwar inuwa a bakin ƙofa, da jaka a hannu. Rigar aikin nan mai ruwan toka ce a jikinsa. Ya gaishe ta kamar kullum, ta amsa kamar kullum. Bai duba hannun ƙofa ba, bai kalli fitila ba. Idonsa na kan abin da ke lulluɓe da zanen gado.

Mama ta ga ba amfanin ɓoye-ɓoye. Ta tashi ta yaye zanen da kanta.

"Ga shi nan. Ka daɗe kana so. Gyara shi."

Ta faɗa ne da ƙarfi. In dai wannan zai dawo mata da ɗanta, to keken ya miƙe, ya zama kamar na kowa.

Injiniya ya durƙusa, ya buɗe jaka, ya zaro sifana ba tare da ya duba lamba ba, don ya daɗe da sanin wadda za ta shiga. Ya ɗora ta a kan notin. Mama ta kawar da kai, tana jiran ƙarar juyin. Ba ta ji komai ba. Da ta waiwayo, yana nan durƙushe, hannunsa a kan sifanar, bai juya ba.

"A cikin bas na fara ji," ya ce, yana kallon ƙasa. "Kafin ta buɗe baki na san keken. Na sauka ba a tashata ba."

"Na sani, ɗana. Ka yi fushi, kana da gaskiya."

"Na yi." Ta ɗauka ya gama, don bisa al'adarsa ya ma wuce ƙa'ida. Sai ya kama gefen rigarsa ya juyo mata cikin ɗinkin. Layin ya taho sambal, sai a wuri ɗaya zaren ya taru ya yi ɗan ƙulli, sannan ya ci gaba a ɗan karkace. "Tun ina yaro ban taɓa ganin kin tsaya a tsakiyar layi ba. Ko wuta aka ce ta kama, sai kin kai ƙarshe. A waƙar kin tsaya. Na yi ta saurara, na yi ta duban rigar nan. Mama, me ya tsayar da ke?"

Mama ta koma kujerarta a hankali. "Tausayinka. Ta ce ba ka ji fitarta ba, sai na gan ka zaune a gidan nan kai kaɗai, ba ka ma san me ya faru ba. Ƙafata ta mutu."

"To me ya sa kika ci gaba?"

"Don ba ta yi maka ƙarya ba."

Ya gyaɗa kai. "Haka nake, ko?"

"Haka kake. Kana da kirki, duk wanda ya ce ba ka da shi ni da shi ne. Amma haka kake."

"In na ga tana kuka, Mama, tsoro nake ji. Ban san inda ake kamawa ba. Sai in nemi abin da na iya. Waƙar ta yi kyau. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ko ni in ina aiki sai in ji ina buga ta da sukudireba."

Mama ta yi dariya da hawaye a fuska. Shi ma ya ɗan yi. Sannan ya cire sifanar daga kan notin, ya mayar da ita jaka, ya ja zif ya rufe, ya tura jakar can ƙarƙashin tebur da ƙafa. Ya dubi 'yar kujerar gefen keke, ya kwashe ƙyallayen da ke kai, ya zauna. Kujerar ta yi masa kaɗan, gwiwoyinsa har kusa da haɓa. Ya ɗora hannuwansa a cinya, ya sauke su, ya sake ɗorawa.

"Ban iya ba fa, Mama."

"Me?"

"Zama haka, ba komai a hannu."

"Ai ga shi kana yi. Ba wanda ya ce sai ka iya yau."

Ta jawo wani siket da ke jiran kalmasa, ta zura wa gurgun zare, ta lashi bakin zaren ta saka a allura. Ta ɗora ƙafa a feda. Tak, tak, tak, taƙas.

Sun yi layi ɗaya, sun yi na biyu. A na uku, ba tare da ya ɗago kai ba, Injiniya ya ce, "Ranar da ta tafi, ina can ta bayan gidan ina gyaran tankin ruwa."

"Ina jin ka," in ji Mama, kuma ba ta cire ƙafarta ba.